Tambayi Metir: Shekara nawa ake yi kafin a ɗaura baƙar ɗamara?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan ɗamarar tekwando suke, da alama don jarrabawar ƙarin matsayi ta matso a wuraren horo da yawa na garin nan namu na Maraɗi. Na ɗauki biyar. Ta farkon ta fi cin wuri, domin tambaya ce da iyaye ke tare ni da ita har a ƙofar masallaci.

TAMBAYA: Metir, barka da aiki. Yarona ɗan shekara 11 yana zuwa tekwando tun bara, ba ya fashi, amma har yanzu ɗamararsa rawaya ce. Ɗan maƙwabcina da suka fara lokaci ɗaya a wani wuri daban har ya ɗaura ja. Yanzu yaron ya tasa ni gaba wai in mai da shi can. Malaminsa ne ke danne shi? Kuma shekara nawa ake yi kafin a samu baƙa?
Daga wani uba, unguwar Zariya.

AMSA: Alhaji, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Ban ga horon ɗanka ba, ban ga na ɗan maƙwabcinka ba, don haka ba zan yanke wa kowa hukunci daga nesa ba. Amma yaron da ya fara bara, bana kuma yana ɗaure da ja, an yi gaggawa da shi. Wannan kam ba na shakkar faɗarsa.

Ga yadda abin yake. Kafin baƙar ɗamara akwai matakai da ake kira gup, ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa: sabon shiga yana gup na 10 a yawancin wurare, wanda ke dab da baƙa yana na 1. Launukan da aka fi sani su ne fara, rawaya, tsanwa, shuɗiya da ja, kuma tsakanin launi da launi akan liƙa wa bakin ɗamarar ɗan zirin tef don nuna rabin mataki. Wasu malamai suna ƙara ruwan lemo ko wani launi nasu, saboda haka sai ka san tsarin gidan kafin launi ya gaya maka wani abu. Karatun dai ɗaya ne ko'ina. Akwai jerin motsi guda takwas da muke kira pumse na Tegik, kusan kowane mataki da nasa. Na farkon, Il Jang, motsi 18 ne, yaro mai kaifin kai zai haddace shi kafin mako biyu. Abin da ke cin lokaci shi ne tsayuwa ta zauna, ƙugu ya koyi juyawa, hannu ya san inda zai tsaya ko an rufe wa yaron ido. Jiki ne ke koyon waɗannan, kuma jiki da saurinsa yake tafiya, ba da na uba ko na malami ba. Mai jar ɗamara ya kamata ko daga barci aka tashe shi ya yi shida na farko ba tuntuɓe, yana kan koyon na bakwai, ya kuma tsaya gaban abokin karawa ba tare da ya runtse ido in ƙafa ta taso masa ba.

Wanda ke zuwa sau uku a mako ba fashi, shekara uku zuwa biyar yake yi kafin ya tsaya jarrabawar baƙa. Ɗanka kuma, ko da ya kai can da wuri, ba dan, wato matsayin mai baƙar ɗamara, za a ba shi ba. Kukiwon, wato babbar cibiyar tekwando da ke birnin Seul na Koriya ta Kudu, ba ta ba wanda bai kai shekara 15 matsayin dan. Abin da take ba shi shi ne pum, ɗamara rabi ja rabi baƙa, sai ya cika shekarun a mai da masa ita dan. Ka ga ke nan ko an yi gudu da yaro, akwai ƙofar da sai ya tsaya ya jira.

Su kansu launukan nan ba tare da wasan aka haife su ba. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokiyo a 1882, shi ya fara raba ɗalibansa matsayi-matsayi, kuma fara da baƙa kawai aka sani a lokacin. Gicin Funakoshi ya ɗauki tsarin ya kai shi karate, ya ba ɗalibansa dan na farko a 1924, daga baya ƴan tekwando su ma suka bi sahu. Rawaya da tsanwa da shuɗiya daga Turai suka bazu, musamman ta hannun wani malamin judo, Mikinosuke Kawaishi, da ya zauna a birnin Paris tun tsakiyar shekarun 1930, don ɗalibi ya riƙa ganin alamar ci gabansa kada ya karaya a hanya. Dabara ce mai kyau, ni ma da ita nake riƙe yara. Inda ta lalace shi ne kowace jarrabawa da kuɗinta. Malamin da bai da wata sana'a, kuɗin hayar ɗaki na binsa, iyaye kuma na tambayarsa yaushe za a canza wa yaro ɗamara, in bai yi da gaske ba zai wayi gari yana shirya jarrabawa duk wata biyu, kowa ya biya ya wuce.

Abin ya ƙaru ne bayan watan Agusta na 2016, da Abdurrazak Issufu Alfaga ya ɗauko wa Nijar lambar azurfa a gasar Olimfik ta Riyo. Rabon ƙasar nan da lambar Olimfik tun tagullar da Isaka Dabore ya ci a damben zamani a Munik a 1972, shekara 44 ke nan. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya na masu nauyi a garin Muju na Koriya ta Kudu. Wanda ke cikin harkar ya san abin da ya biyo baya. Yara suka cika mana fili har ba wurin ɗaga ƙafa, iyayen da a da ke cewa wasan ƴan daba ne suka riƙa kawo ɗiyansu da hannunsu. Na yi murna da wannan, har yanzu ina yi. Sai dai wuraren horo sun yi ta buɗewa fiye da yawan malaman da suka nuna, kuma ɗamara ta zama abin jan ciniki.

Ni a shuɗiya malamina ya fi riƙe ni, har waɗanda na riga shiga suka wuce ni. A wani aji na lakwal muke horo da yamma, mu ture bencuna gefe, ƙasa siminti ce, lokacin hunturu duk diddigenmu a tsage. In za ka yi doliyo cagi, wato shurin da ke zagayowa ta gefe, kowa ƙafar da ta tashi yake kallo. Shi kuwa sai ya tsuguna ya zuba wa ƙafar da ke ƙasa ido. Yakan ɗauki guntun alli ya goga a simintin inda za ka taka, ya ce, "Shura." In ka gama ya ce, "Ɗaga ƙafarka." In tafin ƙafar ya juya yadda ya kamata, za ka ga allin ya murje ya yi rabin da'ira. In bai juya ba, sawunka ne kawai zai fito ɓaro-ɓaro da yatsu biyar. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Ya nuna maka sawun da yatsa, ya ƙara goga alli. Dalilinsa shi ne in diddigen ƙafar tsayuwa bai juya ba, gwiwa ce ke ɗaukar murɗewar gaba ɗaya, kuma gwiwa ba a yi ta don murɗawa ba. Yaro ba zai ji komai ba yana shekara 11. Sai ya kai ashirin da wani abu, ya yi nauyi, shurinsa ya yi ƙarfi, sannan ta fara kumbura masa. Na san samari masu kyau da suka bar wasan saboda wannan, wasunsu ko zaman tahiya ba sa iya yi sai sun miƙe ƙafa. Shi ya sa har yau da alli a aljihun jakata, kuma in na ga yaro da babbar ɗamara ƙafarsa ta tsayuwa a kafe, tausayi yake ba ni.

Ka kuma gaya wa ɗanka baƙar ɗamara kamar saukar allo take. Ana yin walima, ana murna, kuma ya cancanta, amma duk wanda ya yi makarantar allo ya san bayan sauka ne ake komawa tishi, sannan a shiga littattafai. Mai dan na ɗaya sai ya jira aƙalla shekara ɗaya kafin ya nemi na biyu, shekara biyu kafin na uku, uku kafin na huɗu, haka abin ke ta tsawo har zuwa na tara, wanda sai dattawan da suka ƙarar da rayuwarsu a ciki.

Shawarata, Alhaji, ka ɗauki yammaci guda ka je ka zauna a gefe ka kalli horon, gani ya kori ji. In an tashi ka ja malamin gefe ka tambaye shi abin da ya rage wa yaron kafin ya tsaya jarrabawa. Malamin kirki zai lissafa maka nan take: tsayuwarsa ta gaba gajera ce, yana sauke hannu in ya yi shuri, pumse na biyu bai zauna ba. Zai yiwu kuma ya ce maka yaron ya shirya, mai yi musu jarrabawar ne daga Yamai yake zuwa, sai an tara kuɗin motarsa. Wannan uzuri ne na gaskiya, yana faruwa da mu. In kuwa ya kasa gaya maka komai, ko maganar kuɗi kawai ya yi, to ka nemi wani wuri, amma ba don ja ba. Ɗan maƙwabcin nan kuma kada a sa shi a baki a gida. Yaro ne, abin da aka ba shi ya ɗaura.

TAMBAYA: Metir, ni kabu-kabu nake yi, ina neman aikin gadi a wani kamfani, an ce mai takardar karate ko tekwando ya fi samu. Wani ya ce in ba shi jika talatin zai kawo mini baƙar ɗamara da takarda mai hatimi. Na taɓa yin horo na ƴan watanni ina yaro. In karɓa?
Daga wani matashi, Sabon Gari.

AMSA: Ƙanena, kada ka karɓa. Na san neman abinci ne ya kai ka, kuma jika talatin a kan babur cikin ranar Maraɗi ba ƙaramin gumi ba ne, shi ya sa ba na so ka zubar da su.

Ɗamarar kanta ƙyalle ce, tela ma zai ɗinka maka. Takardar ce abin dubawa. A tekwando shaidar dan da duniya ta sani daga Kukiwon take fitowa, cibiyar da aka buɗe a 1972, kuma kowace shaida da lambarta, ana iya bincika ta a intanet da sunan mai ita da ranar haihuwarsa. A cikin gida kuma hukumar wasan ta ƙasa da ke Yamai da reshenta na jiha su ke shirya jarrabawar baƙar ɗamara, a gaban alƙalai, a bainar jama'a. Karate da judo kowanne da tasa hukumar. Mu da ke harkar a Maraɗi ba mu da yawan da za mu kasa sanin juna. In mai kamfanin ya ɗaga waya ya tambayi ɗayanmu, asiri ya tonu, ka rasa aikin ka rasa mutunci.

Ko ba a bincika ba, akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Ranar da rigima ta tashi a bakin ƙofa, kai za a tura gaba, domin kai ne mai baƙar ɗamara. Sauran masu gadin za su ja baya su bar maka. Mutumin da ya san bai iya ba yakan yi taka-tsantsan, ya kira a kawo ɗauki. Wanda takarda ta ɗaure shi kuwa kunya ce za ta hana shi ja da baya, a nan ake jin mummunan rauni.

Da rabin kuɗin nan za ka biya horo na watanni masu yawa. Ka nemi wurin da ke da ajin manya bayan sallar asuba ko bayan isha'i, don kada ya taɓa maka aikin babur. Ka gaya wa malamin gaskiyar abin da kake so. In ka dage, zai iya rubuta maka shaidar cewa kana horo a hannunsa da matakin da ka kai, ya sa hannu da lambar da za a same shi. Tsanwa ce ko shuɗiya, in an tambaye ka za ka iya tashi ka nuna.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, shekarata 20. Na daɗe ina son in koyi tekwando amma mahaifina ya ƙi. Ya ce ba sutura, ana cuɗanya da maza, kuma ana yi wa mutum ruku'u. Ƙawayena kuma sun ce na yi girma. Me zan yi?
Daga wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Tsoho.

AMSA: Ɗiyata, mahaifinki bai faɗi abin banza ba. Abubuwa ukun da ya kawo duk sun cancanci amsa, kuma in kika je masa da gardama kin ɓata lamarin tun daga farko.

Sutura ita ce mafi sauƙi. Rigar horo, wadda yara ke ce wa kimono, mai faɗi ce, hannu har wuyan hannu, wando har idon sawu. Ɗalibaina mata suna sa doguwar riga mai kauri a ciki, da ƙaramin hijabi marar fil wanda ke shiga cikin wuyan rigar, hular kariya ta hau kai. Dokar gasa ta duniya ta yarda da haka. Hidaya Malak ta Masar da hijabinta ta ci tagulla a Riyo a 2016, ta sake ci a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. A wannan gasar ce ƴar ƙasarsu Feryal Abdel'aziz ta ɗauki zinariya a karate, ita ma kanta a rufe. A can ɗin dai Tekiyat Ben Yusuf ta wakilci Nijar a tekwando, ta kai har karawar neman tagulla.

Cuɗanya kuwa ya danganta da wurin. Akwai inda ake haɗa kowa da kowa, kuma in uba ya ƙi wannan ban ga laifinsa ba. Ni na ware wa ƴan mata lokacinsu, wata babbar ɗalibata mai jar ɗamara ita ke gyara musu tsayuwa da hannunta, ni daga nesa nake magana. Ƙofa a buɗe take, akwai tabarma a gefe, uwaye na zuwa su zauna da goyonsu. Kafin ki yi wa mahaifinki magana ki fara zagayawa ki samo wuri irin wannan, ki san ranakun da sa'o'in, ki san wadda za ku riƙa tafiya tare.

Maganar sunkuyawa ta fi nauyi, kuma ni ba malamin fiƙihu ba ne. A Koriya da Japan gaisuwa ce ta girmamawa, ba ibada ba. Amma malamanmu suna kawo hadisin da ya hana mutum ya sunkuya wa ɗan'uwansa in sun gamu, kuma ba zan ce wa uba ya yi watsi da shi ba. A wurinmu hannu muke ɗorawa a ƙirji mu yi sallama, ba wanda ke lanƙwasa baya. Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce a gasa ta hukuma alƙali yana kiran a gaisa da sunkuyawa kafin karawa da bayanta. In tafiya ta kai ki can, ki tambayi malamin da gidanku suka yarda da shi. Mutum yana iya yin shekaru yana horo yana hawa mataki bai taɓa shiga gasa ba.

Ki nemi gwaggo ko kawu da mahaifinki ke jin nauyinsu su kai masa maganar, a roƙe shi ya zo ya gani da idonsa ko sau ɗaya. In ya gani ya ce a'a, ki haƙura zuwa wani lokaci. Kada ki je a ɓoye. Ni kaina ba na karɓar yarinyar da gidansu ba su sani ba, domin ranar da ta gurɗe a ƙafa ban san da wace fuska zan kai ta gida ba.

Shekara 20 kuwa ba girma ba ne. Zuwa Olimfik zai yi wuya, don masu zuwa can tun suna ƙanana suke farawa. Amma baƙar ɗamara, kafin ki cika 25 tana iya shiga hannunki, kuma manya sun fi yara saurin fahimtar abin da ake gyara musu. In kare kai ne a ranki, ki sani darasin farko da nake ba ƴan mata shi ne yadda za su fizge hannu, su yi ihu, su gudu inda mutane suke. Duk malamin da ya ce miki cikin wata uku za ki kayar da ƙato, ki bar wurinsa.

TAMBAYA: Metir, gardama muke yi a majalisarmu. In aka haɗa mai baƙar ɗamara da ɗan kokowa, wa zai kayar da wani?
Daga masu shan shayi, Tibiri.

AMSA: Ƴan'uwa, ina gaishe da majalisa. In a kan rairayi ne, da dokar kokowa, ku sa kuɗinku a kan ɗan kokowa. Mu ƴan tekwando daga nesa muke aiki, duk horonmu a kan tazarar ƙafa yake. Da zarar mutumin da ya tashi yana noma yana kokowa tun yana yaro ya samu ƙugunka ko cinyarka, magana ta ƙare. In kuwa aka kawo shi filinmu, riƙo laifi ne, alƙali zai yi ta ba abokin karawarsa maki, ga shi bai saba tsare kansa daga ƙafa ba, shurin kai kuwa ya fi na ƙirji maki. Ɗan judo ne zai fi daɗewa a gabansa, don shi ma kayarwa ce sana'arsa, sai dai ya saba kama riga, ɗan kokowa kuma ba riga gare shi ba sai gumi.

Akwai bambancin da nake so majalisa ta riƙe. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, inda namu Yakuba Ango Kantu ya fara ɗaukarsa, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, mutum ɗaya ne ke tafiya da takobi. Yanzu jiha takwas ke kawo ƴan kokowa goma-goma, 80 ke nan, 79 su koma gida hannu rabbana, kuma baɗi sai sarkin ya sake shiga fili ya kare kansa. Shi ya sa abin da Isaka Isaka na Doso ya yi, takobi shida zuwa ƙarshen 2023, ya girgiza ƙasa. Ɗamara kuwa shaidar karatu ce. Mutum ɗari za su iya ɗaura baƙa a gari ɗaya, cikinsu da zakara, da tsoho mai ciwon baya, da malamin lakwal da bai taɓa shiga gasa ba. Abin da ya yi daidai da takobi a wajenmu shi ne irin lambar da Alfaga ya ciyo.

Ni duk lokacin da aka yi kokowa a filin Kantu ina tura manyan ɗalibaina su je su kalli ƙafafun ƴan kokowa, yadda suke sauke nauyinsu ƙasa, yadda ba sa haɗe sawu. Akwai karatu mai yawa a wurin.

TAMBAYA: Metir, na kai shuɗiyar ɗamara ina kwaleji, sai cirani ya kai ni Libiya. Yanzu na dawo, shekarata 34, ga iyali ga tumbi. Ɗamarar na nan cikin akwati. In na koma, daga fara zan sake farawa?
Daga wani magidanci, unguwar Bagalam.

AMSA: Malam, barka da dawowa gida lafiya. Ɗamara ba ta mutuwa, abin da ka ci jarrabawarsa naka ne. Sai dai kowane malami da tsarinsa. Wasu za su ce ka ɗaura fara har su duba ka, wasu su bar ka da shuɗiyarka amma ka tsaya a layin baya. Ni na biyun nake yi, kuma ba na sa mutum jarrabawa ta gaba sai ya dawo mini da pumse ɗinsa tun daga Il Jang. In takardar da aka ba ka a wancan lokacin na nan, ka zo da ita. In ta ɓata, sunan malaminka ya isa, za mu tambaya.

Haɗarin masu dawowa irinka shi ne kai ya tuna, jiki bai tuna ba. Za ka ga yaro ya kai ƙafa saman kai, zuciyarka ta ce ai kai ma kana yi, sai jijiyar bayan cinya ko agara ta tsinke. Watan farko kada shurinka ya wuce ƙugu. Ka fara zuwa likita a auna maka hawan jini, musamman da yake ka yi nauyi. Ka riƙa ɗumama jiki sosai kafin ka miƙar da jijiyoyi, ka fara da sau biyu a mako, ka bar karawa da samari sai numfashinka ya dawo. In bazara ta kama, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ka zaɓi ajin asuba ko na dare, da gorar ruwanka a hannu.

In sha'awar gasa ta motsa maka daga baya, akwai gasar pumse, wadda ba duka a cikinta, kuma rukuni-rukuni ake yin ta bisa shekaru, har da na waɗanda suka haura sittin. Daga shuɗiya zuwa baƙa, in ka riƙe wuta, lissafin shekara biyu ko uku za ka yi. In kana da yaro da ya kai shekara shida ko bakwai ka taho da shi, magidantan da ke zuwa da ɗiyansu sun fi daɗewa ba su yanke ba.

Akwai wasiƙu biyu a kan horo cikin azumi da ɗaya a kan fasa bulo da hannu. Wuri ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.